Lemon citta mai gas: Yadda ake haɗa shi a gida ba tare da ya rikiɗe ya zama giya ba

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, da wuya a sami sana'ar da ke ci a lungunan Dala kamar ta kayan sanyi. Daga Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal, daga Yalwa zuwa Ƙofar Ruwa, mutum ba ya tafiyar minti biyar bai ci karo da kula cike da robobin zoɓo, kunun aya, lemon tsamiya da na citta ba. Matan aure ne ke haɗawa a cikin gida, yara su fito da shi bakin hanya, 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka taso daga ofis su saya su kashe ƙishi.

A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya shigo wannan tsohuwar sana'a. Masu abincin biki sun fara jera dogayen tambulan cike da ƙanƙara, da lemon citta mai tartsatsin gas, an maƙala yankan lemon tsami a bakin kowanne. Suna kiran sa moktel, kuma akasarinsu a TikTok da Instagram suka koya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne asalin wannan haɗi na mashaya ne, inda ake gauraya wata barasa mai suna tekila da wani abin sha na citta da Turawa ke kira jinja biya. Cire tekila daga lissafi ba wuya ba ne, domin kwalbarta ba ta ɓuya kuma babu mai sayen ta da kuskure. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaya rabin, wato ruwan cittar mai gas, wanda kowa ke ɗauka lemo ne kawai.

Asalin haɗin

Tekila barasa ce ta ƙasar Meziko, ta samo sunanta daga wani gari da ke jihar Jalisco. Ana yin ta da wani tsiro mai suna agabe, wanda ya yi kama da alobera sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Yakan shekara shida zuwa takwas kafin ya nuna, sannan a sare ganyen a ɗauki zuciyarsa mai siffar abarba, a dafa, a matse, a bar ruwan ya tsimu, a tace shi ta hanyar tururi sau biyu. Tun 1974 dokar Meziko ta taƙaita sunan ga barasar da aka yi a wasu keɓaɓɓun yankunan ƙasar. Ƙarfinta yakan kai kashi 38 zuwa 40 cikin 100, alhali giyar kwalba da aka sani ba ta cika wuce kashi 5 ba.

Shi kuwa haɗin da citta a Amurka ya faro, wajajen 1941, inda aka gauraya barasar bodka da jinja biya da lemon tsami a kofin tagulla aka raɗa masa Moscow Mule. Daga baya masu mashaya suka musanya bodka da tekila, suka kira shi Mexican Mule. Awon da aka saba shi ne mililita 50 na tekila, ruwan rabin lemon tsami, da kimanin mililita 120 na jinja biya a kan ƙanƙara. Idan aka yi lissafi, barasar da ke cikin tambulan ɗin ta kai kashi 11 kafin ƙanƙarar ta narke, wato ninki biyu na giyar kwalba. Yajin citta da zaƙin suga suna danne warin barasar ƙwarai, har wanda bai saba ba zai iya shanye rabi bai gane ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Dubai, Guangzhou ko Istanbul, da ma'aikacin da ake gayyata liyafar taro a manyan otal-otal na Abuja da Legas, ya kamata su riƙe wannan: duk abin shan da sunansa ya ƙare da Mule a takardar zaɓen abinci, akwai barasa a ciki, sai dai in an rubuta Virgin a gabansa. Ko a hakan ma tambaya ba ta ɓaci.

Akwai wata alaƙa tsakanin Kano da Meziko da ba ta shafi barasa ba. Ƙasar ita ce babbar mai sayen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, wanda ake nomawa a Jigawa, Kano da Katsina, ake tara da yawansa a kasuwar Dawanau. A can ma jiƙa shi suke su sha da sanyi, kuma suna da lemon tsamiya irin namu. Harshen mutanen ƙasashen biyu ya saba da tsami da yaji a abin sha, shi ya sa haɗin nasu bai yi wa Bakano baƙunta ba.

Sunan da ke ruɗa mutane

Jinja biya a Ingila ta samo asali a ƙarni na 18, kuma a farkonta giya ce ta gaske. Ana jiƙa citta da suga a ruwa, a bar su su tsimu, har ƙarfin wata ya kai kashi 11. A 1855 hukuma ta ɗora haraji a kan duk wadda ta wuce kashi 2, sai masu yin ta suka rage ƙarfinta don guje wa biya, a hankali ta koma abin shan yara da iyali. Sunan ne bai canja ba.

Yau abubuwa daban-daban ne ke yawo da wannan suna guda. Mafi yawan na gwangwani lemo ne zalla, an zuba masa ɗanɗanon citta aka ɗura masa gas da inji kamar kowane lemon kwalba. Akwai waɗanda ake tsimawa kaɗan don ƙamshi sannan a tsayar da tsimin, irin Bundaberg ta Ostireliya, wadda barasar cikinta ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Akwai kuma giya sosai, irin Crabbie's ta Birtaniya. Kwalaben sukan yi kama da juna, da hoton citta a jikinsu. Abin da ke rarrabe su ƙaramin rubutu ne a gefe ko a baya: lamba da alamar kashi, tare da haruffan ABV ko alc. Mai shagon da ke sarin kayan waje ya fi kowa bukatar duba wannan rubutu. Kano tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, Hukumar Hisbah kuma, wadda aka kafa da doka a 2003, ta fasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a a Nuwamban 2013, ta kuma lalata 1,975,000 a Nuwamban 2020. Katan guda da aka saro bisa rashin sani ya isa ya jawo wa mai shago asarar kaya da zubewar mutunci.

Suna yana iya yaudara ta ɗaya ɓangaren ma. A zangunan Accra da Kumasi na ƙasar Gana, Hausawa da maƙwabtansu suna sayar da wani abin sha na citta da kanumfari mai suna lamujin, wanda mutanen ƙasar ke yi wa laƙabi da biyar Hausawa, alhali ba a tsima shi don ya sa maye. Ɗan'uwan lamurjen Kano ne, wanda iyaye mata suka daɗe suna haɗawa da tsamiya, citta, kanumfari da masoro. A Nijar akwai lemu hari, a Kwaddebuwa da Mali ma kowace kasuwa da nata ruwan cittar. Saboda irin wannan ruɗani ne hukumar JAKIM ta Malesiya ba ta ba da shaidar halal ga abin shan da ke ɗauke da kalmar biya a sunansa, ko da babu ɗigon barasa a ciki, sai an sauya masa suna.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Chapman, jan lemon nan da ake danganta asalinsa da wani kulob a Ikoyi ta Legas, wanda yanzu da wuya a yi dina a Kano ba a raba shi ba. Haɗinsa na asali yana ɗauke da 'yan ɗigo na wani ruwan ɗaci mai suna Angostura, da ake yi a Trinidad. A jikin ƙaramar kwalbarsa an rubuta kashi 44.7, ya ɗara tekila ƙarfi ke nan. Ɗigo uku ko huɗu a babban kofi ba za su sa maye ba, amma mai bikin da ya ce ba ya son barasa a taronsa yana da haƙƙin a gaya masa kafin a zuba.

Yadda suga ke komawa barasa

Babban haɗarin mai haɗa lemo a gida ba daga kwalbar waje yake zuwa ba, daga ɗakin girkinsa yake tasowa. Yawancin bidiyon da ke koyar da lemon citta mai gas suna bin ɗayan hanyoyi biyu ne. Wasu su ce a zuba ɗan yis na burodi a ruwan citta mai suga, a toshe robar, a ajiye kwana ɗaya ko biyu. Wasu su ce a goga citta da ɓawonta a kwalba, a riƙa ƙara mata suga da ruwa kullum har kwana biyar zuwa bakwai, sai ta fara kumfa, sannan a ɗebi ruwan a zuba a lemon. Hanya ta biyu tana kama da ta gargajiya, ba a sayi komai a kanti ba, to amma aikin ɗaya ne. A jikin ɓawon citta akwai yis na daji, shi ake kiwatawa a kwalbar.

Yis halitta ce mai rai da ido ba ya gani. Abincinsa suga, kuma idan ya ci yana fitar da abu biyu a tare: iskar da ke sa kumfa, da barasa. Ba ya fitar da ɗaya ya bar ɗaya. Shi ya sa ƙullin fanke ko na burodi ke tashi yana ɗan wari, sai dai wuta tana kore mafi yawan barasar da ke ciki. Lemon da ke cikin roba kuwa ba ya ganin wuta bayan ya tsimu. Duk gas ɗin da ya samu ta hanyar tsimi, da barasa ya zo.

Masu sana'ar tsimi suna da lissafin da suke aiki da shi: kimanin gram 17 na suga a lita ɗaya, idan yis ya cinye shi, yana ba da kashi 1 na barasa. Lemon da aka zaƙaƙa kamar na kwalba yana ɗauke da wajen gram 100 a lita. Idan aka bar yis ya gama da shi, ƙarfinsa zai kusa kashi 6, ya wuce giyar da Hisbah ke fasawa. Gas ɗin da ake nema bai bukatar duk wannan. Gram 8 kacal a lita ya isa ya ba da tartsatsi, da barasar da ba ta wuce rabin kashi ɗaya ba. Masu bidiyon a kan wannan suke dogara, su ce da zarar roba ta yi tauri a jefa ta firiji tsimin ya tsaya.

Wannan shawara a ƙasashensu aka gwada ta, inda ɗakin girki ke zama a ma'aunin zafi 20 kuma wutar lantarki ba ta ƙiftawa. A Kano zafin Afrilu yana kai 40, kuma yis ya fi kuzari tsakanin 30 da 35. Abin da ke ɗaukar kwana biyu a Landan yana iya kammaluwa tsakanin hantsi da la'asar a ɗakin kwano a Gobirawa. Sannan sanyi ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake yi. Da an ɗauke wuta firiji ya huce, sai ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Robar da aka saka jiya tana da rabin kashi, gobe tana iya kai biyu ko uku, kuma babu magidancin da ke da na'urar awon barasa a gidansa. Ga kuma haɗarin fashewa: iskar tana taruwa ba mafita, roba ta kumbura ta yi bindiga, kwalbar gilas kuwa ta tarwatse a fuskar mai buɗewa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga malaman fiƙihu. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya wuce ta wurin da aka hana haɗa nau'i biyu na kayan jiƙo a mazubi ɗaya, aka kuma hana yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta. Dalilin da masu sharhi suka bayar shi ne waɗannan suna gaggauta tsimuwa, abin sha ya juya mai shi bai ankara ba. A ruwayar Muslim daga Ibn Abbas ya zo cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari da kwana na uku zuwa yamma, abin da ya rage sai ya sa a shayar da shi nan take ko a zubar. Ƙa'idar da Malikiyya ke kai kuwa sananniya ce: abin da yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an hana.

Game da ɗan burbushin da ke samuwa da kansa a abinci, kamar a nunannen ɗan itace ko kindirmon da ya kwana, hukumomin fatawa na zamani sun yi ƙoƙarin sa iyaka. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2011 ta halatta lemon da ba don giya aka yi shi ba matuƙar bai kai kashi 1 ba, Majalisar Malamai ta Indonesiya kuma a 2018 ta tsaya a rabin kashi. Yanke hukunci aikin malamai ne. Sai dai duk iyakar da aka ɗauka, masana'anta ce kaɗai ke iya auna ta. Mai haɗawa a gida cikin duhu yake lalube, don haka hanyar da ta fi hankali ita ce a raba gas da tsimi kwata-kwata: a dafa cittar daban, a sayi gas ɗin daban, a haɗa su a tambulan lokacin sha.

Yadda ake haɗawa

A samu ɗanyar citta rubu'in kilo. Iri biyu manoman Kudancin Kaduna suka fi nomawa: tafin giwa, mai kauri da launin rawaya, da yatsun biri, siririya mai duhu wadda ta fi yaji. Don lemo tafin giwa ta fi daɗin aiki, ta fi ruwa kuma ta fi sauƙin kankarewa. Busasshiyar citta ma tana yi, amma ɗanɗanonta daban ne, domin bushewa tana juya sinadarin yajin da ke cikinta ya koma wani mai zafi fiye da na ɗanya, ƙamshin kuma ya ragu. Wanda ke son lemon ya kama maƙogwaro sai ya ƙara rabin ƙaramin cokali na garin busasshiyar a kan ɗanyar.

A wanke cittar sosai, a kankare ɓawon da bakin cokali, a yayyanka, a markaɗa da rabin lita na ruwa mai tsabta. A tace da kyalle mai kyau, a matse tas. Daga nan sai a bar ruwan ya zauna rabin awa. Wani farin gari zai kwanta a ƙasa, sitacin cittar ne, shi ke sa lemo ya yi dishi-dishi a baki. A tsiyaye ruwan saman a hankali a bar shi. A zuba a tukunya, a sa suga rabin kilo, kanumfari biyar ko shida, da 'yan ƙwayoyin masoro da aka ɗan fasa. A ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har sugan ya narke, ya tafasa kamar minti biyar, a sauke. Kada a wuce haka da yawa, domin doguwar dahuwa tana lausasa yajin citta. Wannan tafasar ita ce ke kashe yis ɗin da ya biyo ɓawo da hannu da kyalle, yawan sugan kuma yana rage wa wanda zai faɗo daga baya kuzari.

In ya huce a tace a ɗura a kwalbar da aka ɗauraye da ruwan zafi ta bushe. Za a sami wajen mililita 800 na ruwan citta mai kauri, wanda ya isa tambulan 25 ko fiye. A firijin da wuta ke zama yakan kai mako biyu. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a yi rabin wannan awo a shanye cikin kwana uku ko huɗu. Ba a sa lemon tsami a cikinsa tun yanzu. Ruwan lemon tsami yana canja ɗanɗano cikin 'yan awoyi da matsewa, sai lokacin sha ake yanka shi.

Idan an tashi sha, a cika dogon tambulan da ƙanƙara, a zuba babban cokali biyu na ruwan cittar, a matse rabin lemon tsami, sannan a tsiyaya ruwan soda mai sanyi kamar mililita 150 ta gefen tambulan a hankali. A juya sau ɗaya daga ƙasa, kada a kaɗa, gas ɗin zai gudu. Ruwan soda ruwa ne da aka ɗura wa gas da inji, babu tsimi a cikinsa, kuma ana samun na Schweppes a manyan shaguna. A lura kada a ɗauko tonik a madadinsa, shi yana da suga da ɗacin kwinin. Sodar da ba ta yi sanyi ba tana zubar da gas ɗinta tun a buɗewa.

Wanda ya tsaya a nan ya sami lemo mai kyau, amma zaƙi zai ɗan yi masa rinjaye. A haɗin mashaya, tekila ce ke karya zaƙin da ɗan ɗacinta da ƙamshin ɗanyen ganye. Ɗakin girkin Bahaushiya yana da abin da zai yi wannan aiki. Cokali ɗaya na jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri yana ba shi nauyi a harshe, ɗan gishiri a kan yatsa biyu yana fito da ƙamshin cittar, ganyen na'a-na'a da aka murza a tafin hannu da siririn yankan kokwamba suna kawo ɗanyantakar. Mai son launi ya ƙara cokalin zoɓo mai kauri, zai sami jan da ya fi na Chapman kyau ba tare da kalar kanti ba. Kofin tagullar da ake gani a hotuna ado ne kawai, kuma ba a so abu mai tsami ya daɗe a cikinsa idan ba a lulluɓe cikin da wani ƙarfe ba, domin tsami yana narkar da tagulla ta shiga abin sha.

Kowane tambulan yana ɗauke da kimanin gram 19 na suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce wajen gram 50 a yini, don haka biyu sun kusa cinye rabon ranar. Mai ciwon suga ya rage zuwa cokali ɗaya ya ƙara lemon tsami. Zuma da mazarƙwaila ba mafita ba ne, su ma suga ne, kuma yis yana cin su kamar yadda yake cin na kanti. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kada ya buɗe baki da shi a azumi kafin ya sa wani abu a cikinsa, mai shan maganin tsinka jini kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da citta abin shan kullum.

Ga mai taron mutum 50, awon nan sau biyu ya isa, da lemon tsami 25 da soda lita bakwai da rabi. A bar kowanne a mazubinsa, a haɗa lokacin da baƙi suka zauna.

Tsadar citta da jarabar hoda

Duk wannan yana da sauƙin faɗi a lokacin da citta ke araha. A daminar 2023 wata cutar funfuna ta faɗa wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, yankin da ya sa Najeriya cikin manyan masu noman citta a duniya. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma da sama da Naira biliyan 12. Iri ya yi ƙaranci, farashin buhu ya ninka sau da yawa, kuma tasirin ya iso har teburin mai kayan yaji a kasuwar Kurmi da ta Rimi. Matar da ke sayar da roba a farashin da yaro zai iya biya ba ta da sararin ƙara kuɗi yadda take so, sai ta rage citta ta cike gurbin da barkono, ko ta koma hodar ɗanɗano da ɗan tsami na awo.

Barkono ba ya cutarwa, ha'inci ne kawai idan an ce citta ce. Hodar da ba a san asalinta ba kuwa Kano ta riga ta ga abin da take iya yi. A Maris na 2021, dab da azumi, asibitocin birnin suka cika da mutane masu amai, fitsarin jini da shawara bayan sun sha lemon da aka haɗa da irin wannan gari. Hukumar NAFDAC ta ce ta gano wani sinadarin masana'antu mai guba da aka sayar a matsayin ɗan tsami. A watan Afrilu Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya sanar da mutuwar mutum 10, da kwantar da kimanin 400, 50 daga cikinsu da matsalar ƙoda. Wasu bidiyon suna koyar da samar da gas ta hanyar haɗa ɗan tsami da bakin soda. A garin da aka taɓa yin wannan rashi, farin garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lambar rajista bai cancanci shiga abin sha ba. Lemon tsami daga 'Yan Lemo da tsamiya daga Kurmi suna ba da tsamin da ake bukata, kuma ido yana ganin abin da aka saya.

Masu sayarwa a kula ba za su iya amfani da soda ba, kuɗinta ya fi ƙarfin farashinsu, kuma ba sa bukatarta: lemon citta marar gas shi aka gada. Abin da ke gabansu shi ne hana shi yin gas da kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne juye ragowar jiya a cikin sabon haɗin yau don gudun asara. Ragowar ta riga ta tara yis, zuba ta a sabo tamkar zuba iri ne a gona mai taki. Haka robobin da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, da bokitin da ba ya ganin ruwan zafi. A tafasa ruwan haɗin, a yi daidai abin da zai ƙare a yini, a wanke mazubi da sabulu da ruwan zafi kowace safiya.

Mai saye ma yana da abin dubawa kafin ya kai baki. Robar lemon gida ya kamata ta lotsa idan an matsa ta. In ta yi tauri kamar ta lemon kamfani, ko gindinta ya turo, ko ta yi tsaki da aka murɗa murfin, ko kumfa ta taso daga ƙasa, ko zaƙin ya ragu wari irin na ƙullin da ya kwana ya maye gurbinsa, to yis ya riga ya fara aiki a ciki. Irin wannan a kawar da ita daga fuska, a sassauta murfin a hankali iskar ta fita, a zubar.